Shekarar da Aka Ce Muna Saka Cuta a Alawa

Na san dukanku kun tashi kuna jin ana ce wa gidanmu gidan jarm, kuma kowa da irin labarin da aka ba shi. Wata jikanyata ta dawo daga lakwal, wato makaranta, tana kuka, wai an ce kakarta ta taɓa kwantar da yaran unguwa da alawa. Wani surukina kuma, mutum da gemunsa, ya ce shi abin da ya ji asiri ne muka karɓo a wurin wani mutum can bayan Tebaram. To, ku ji daga bakina tun ina da sauran haƙora. Ban kwantar da ɗan kowa ba, ban kuma taɓa taka ƙofar boka ba. Kalma ɗaya ce ta Faransanci ta so ta tashi gidanmu, ni kuma na ƙi.

Alawar madara sana'ar mahaifiyata ce, wadda Tawa ta sani da Inna Hajo mai alawa. Tun kafin a haife ni take dafa madara da sukari, ta zube a faranti, ta yayyanka. Da babanmu ya rasu sai ta dawo gidana da tukunyarta da muciyarta, kuma abin da ta fara sa wa a yi mata shi ne dangar kara ta kewaye murhu. Ba wanda ke leƙa bayan dangar nan. Dalilinta kuwa, alawar ba ta da tabbas. Wata rana ta fito sumul, tana narkewa tun kafin ka tauna. Wata rana ta fito da yashi-yashi, kana ci kana jin ƙurus-ƙurus a haƙori. Wata rana ma ta ƙi kamawa sam, ta tsaya danƙo har gobe. Duk ranar da ta ɓaci, Inna ta san mai laifi: wance ce ta shigo aron rariya ta kalli hayaƙin. Babanku, Malam Isufu tela, da yake surukinta ne kunya ba ta barin sa ya yi mata musu, sai dai in ya shigo ɗaki ya ce mini a hankali, idon wance dai yana shan wahala a gidan nan.

Ni kuwa rayuwata a kwaleji na yi ta, ina koyar da fizik da shimi, wato kimiyyar sinadarai, har Allah Ya kawo shekarar da na ajiye alli. Shekarar ce gwiwoyin Inna suka ƙi ɗaukar ta, ta rasa yadda za ta yi, ta yarda na shiga bayan danga. Ni kaɗai, da sharaɗin in rufe bakina in buɗe idona. Rufe baki ba halina ba ne, kun sani, amma ido na buɗe. Ban daɗe ba na lura da muciya. Ranar da aka bar ta da busasshen ragowar jiya a jikinta, alawar yau sai ta bi halin ta jiya: in jiya sumul ce yau ma sumul, in jiya mai yashi ce yau ma yashi. Ranar da wani mai son tsabta ya kankare ta tas, ranar ce tukunya ke yin abin da ta ga dama. Ina tsugune gaban murhu abin ya faɗo mini, har na yi dariya ni kaɗai. Ai wannan shi ne abin da na shekara da shekaru ina nuna wa ɗalibai, in rataya ɗan guntun alif a zare cikin ruwan da ya ƙoshi da alif, su zo su tarar ya girma.

Bari in yi muku bayaninsa yadda na yi wa Inna. Madara ba ruwa zalla ba ce. Akwai ƴan ƙwayoyin mai da na gardi da ke yawo a cikinta, ba su narke ba, ba su kuma nutse ba. In aka dafa ta da sukari har ruwan ya ƙone, sukarin da ya narke sai ya yi yawa, wuri ya ƙi isar sa, yana son ya koma tsakuwa amma ƙwayoyin madarar nan sun tare masa hanya, ya rasa inda zai fara. Yana jiran ƙwaya ta farko ce da zai manne wa. In ƙwayoyin farkon nan kaɗan ne, kuma manya, duk sukarin sai ya taru a kansu su yi ƙiba, harshe ya ji su yashi. In kuwa suna da yawan gaske, kuma ƙanana, kowace ɗan kaɗan za ta samu, ba wadda za ta girma har harshe ya san da ita. Kamar akushin tuwo ne, a ba yara biyu ko a ba yaran unguwa duka. Da na gama, Inna ta dube ni sheƙeƙe.

"To, Madam," in ji ta, don haka take kira na in tana son ta rage mini tsawo, "wanga dogon karatu naki, shina hana ido?"

Na ce ta ba ni tukunya ɗaya in gwada. Na daka sukari a ɗan turmin ƙarfe har hannuna ya yi kanta, na tankaɗe shi da ƙyallen ɗankwali mai laushi, na sake dakawa, har ya koma kamar hoda. Da aka sauke tukunya na jira ta huce, yadda zan iya dafa gefenta da bayan hannu, don in da zafi garin narkewa zai yi a banza. Na barbaɗa, na tuƙa. Kafin in gaji alawar ta ɗauke sheƙi, ta kama. Daga ranar alawarmu ba ta sake ɓaci ba. Kullum sai in ware ɗan curi daga wadda ta fi laushi, in murtsuke shi a tukunyar gobe, ya zama iri. Masu sari a tasha suka dinga zuwa tun farantin bai huce ba. Ƴan bida masu komawa Abijan suna saye su tafi da ita tsaraba. Inna ta ce ai dama ta sa an ƙara wa dangar tsawo ne, shi ya sa. Na bar ta da nata.

Ana cikin haka aka yi suna a gidan wata tsohuwar abokiyar aikina. Kun san taron matan ma'aikata, rabin magana Hausa rabi Faransanci. Akwai wata sazifam, wato ungozomar asibiti, da aka turo daga Damagaram ba da daɗewa ba, Madam Salamatu, mace mai natsuwa, ita ke duba masu ciki a asibitin unguwarmu. Ta ɗanɗana alawar da na kai gudummawa, ta tambaye ni yadda nake yi take laushi haka. Ni kuma na ga ƴar boko ƴar'uwata, sai na ba ta amsa irin ta labo, ɗakin gwajinmu na kwaleji.

Na ce, "Ba wani abu ba ne. Jarm nake saka mata. In ba jarm ba ta kamawa."

Na ga ta ajiye ragowar a gefen faranti, amma aka kira ni wurin rabon goro, ban bi ta kai ba. Kalmar nan daidai take, ko yau aka tambaye ni ita zan faɗa. A wurinmu masu shimi, jarm ita ce ƙwayar farko da tsakuwa ke ginuwa a kanta. A wurin ma'aikatan asibiti kuwa, da Faransancin nan guda, jarm ƙwayar cuta ce. Ni na yi maganar labo, ita ta ji maganar asibiti. Ba ta yi don mugunta ba. Mace ce da ta sha ganin gudawa tana kwashe jarirai, sai ta dinga gaya wa mata a wurin awo su yi hankali da alawar gidan Hajo, mai yin ta da bakinta ta ce tana zuba jarm. Matan suka tambayi mene ne jarm, ta fassara musu. Kafin Juma'a ta zagayo labarin ya fita Tawa, ya kai har garin Bambai.

Masu sari suka ɗauke ƙafa. Bafillatanar da ke kawo mana madara daga hanyar Barmu sai da na mayar da ita da ƙwaryarta a ka, ina jin kunyar idonta. Duk wannan na ce zai wuce. Abin da ya ƙona mini rai daban ne. Inna tana da al'ada, da hantsi ta zauna a zaure da ɗan faranti, duk yaron da ya gitta ta miƙa masa guntu. Uwayen yaran nan ma a hannunta suka ci. Ran nan ina tsakar gida na ji tas, na leƙa. Wata maƙwabciyarmu ce, wadda Inna ta yi wa wankan jego da hannunta, ta buge hannun ɗanta alawar ta faɗi a ƙasa, ta ja shi ta tafi ko gaisuwa babu. Inna ta daɗe tana kallon guntun nan a cikin ƙasa. Sannan ta dafa bango ta miƙe, ta shige ɗaki ta kwanta ta juya wa ƙofa baya. Na ji tsoro ƙwarai, na ce tsohuwar nan za ta mutu da sunan mai ba yara cuta, kuma ni na jawo mata da bakina.

Na yafa mayafi na sami Madam Salamatu a gidanta. Ban yi sallama mai daɗi ba. Ta ce, "Madam Rakiya, ai ke kika faɗa, ban ƙara miki ko harafi ba." Na ce haka ne, amma ta zauna in koya mata shimi na aji huɗu. Da ta gane, sai ta rufe fuska da tafin hannu, ta yi ta ba ni haƙuri har na fara jin tausayinta. Washegari ta warware maganar a wurin awo. Sai mata suka ce ai Madam Rakiya ta je ta roƙe ta ne, ƴan boko ba sa tona wa juna asiri. Wasu kuma suka ce to in ba cuta ba ce, mene ne farin garin da ake barbaɗawa a ɓoye bayan danga? Nan maganar asiri ta samo tushe.

Babanku ne ya fara faɗin abin da nake gudu. Yana kan keke yana ɗinki, bai ko ɗago ba ya ce, "Rakiya, abin da anka ɓoye shi mutane ka tsoro. Ki kada dangar." Na ce ya san in na kada ta kowace mace a Tawa za ta iya abin da muke yi, mu da muke mu kaɗai. Ya ce ya sani, sai in zaɓa, ko kasuwa ko sunan tsohuwa. Na ce to shi ya je ya gaya mata. Ya ce a'a, shi tela ne, ba soja ba.

Na shiga ɗakin Inna na zauna a bakin gadonta na faɗa mata. Ta juyo a hankali.

"Mi kika ce?"

"Gayya zan yi, Inna. In dafa gaban kowa, su gani da idonsu."

"Tukunyata ba a kallonta. Uwata ba ta bari an kalla ba, ni ban bari ba. Ke da kinka zo jiya za ki tona ni tsakar gari?"

"Inna, sun riga sun tona mu da ƙarya. Gara su tona mu da gaskiya."

"In kinka taɓa dangag ga, babu ni babu tukunyar. Ki yi da takardunki."

Ta sake juya baya. Na fita hawaye na zuba, amma ban fasa ba. Na bi gida-gida da goro kamar mai gayyar suna. A Tawa da alawa ake haɗa goron gayya, ni kuwa goro tsura na kai, don na san inda alawata za ta ƙare in na miƙa. Ban bar kowa ba, har masu alawar da ke kishi da mu, har maƙwabciyar da ta buge hannun ɗanta. Na ce su zo su ga jarm da idonsu. Wa zai ƙi zuwa?

Ran da aka sa, tun hantsi gidan ya cika har zaure. Na sa hannu na tuge dangar da kaina, karan ya zube, mata suka zuba wa murhu ido kamar za su ga kan mutum a ciki. Ba komai sai duwatsu da tukunya da muciya. Na sa Madam Salamatu ta wanke hannu, na ba ta sukarin da wata daga cikinsu ta sayo a kanti da kanta, na ce ta daka. Ta daka tana gumi, mata na yi mata tsiya wai hannun allura bai san taɓarya ba. Ni kuma na ɗora madara. Ƙofar Inna a rufe.

Na san lokacin sauke tukunya sarai, na iya shi. Na ɗiga a ruwan sanyi na ga ya dunƙule, lokaci ya yi. Amma sai na ƙi saukewa. Na gyara itace, na ci gaba da juyawa a hankali, ina satar kallon ƙofar nan. Ƙamshin ya fara sauyawa, ya ɗauko hanyar ƙauri. Na san in ta ƙone a gaban matan nan mun gama yawo. Na ce a raina, tsohuwar nan ta yi shekarun duniya tana shaƙar tukunya, ba za ta iya kwanciya tana jin madara na ƙonewa ba. Na ƙara juyi ɗaya, na ƙara wani. Sai ƙofa ta yi ƙara.

"Sauke, ɗiyar banza, za ki ƙona min madara."

Ta fito tana dogara sanda, ɗankwali a karkace. Mata suka dare mata hanya. Na sauke da sauri, ta karɓe muciyar daga hannuna ta shinshina, ta harare ni. Ta gane abin da na yi mata. Aka kawo kujera ta zauna a gaban tukunyarta, a gaban duk idanun da ta yi rayuwarta tana gudu, ba ta kuma tashi ba.

Da tukunyar ta huce muka raba biyu. Rabi na watsa masa sukari mai tsakuwa yadda ya fito daga kanti. Rabi kuma Madam Salamatu ta barbaɗa garin da ta daka da hannunta, Inna ta tuƙa. Ɗan abin da ya rage a gindin tukunya na bar shi ba a saka masa komai ba. Ina yi ina bayani da Hausa tsantsa, ko kalma ɗaya ta Faransanci ban yarda ta fito ba. Kafin azahar faranti biyu sun kama, na gindin tukunya yana nan danƙo. Aka yanka. Ba wadda ta miƙo hannu. Sai Madam Salamatu ta ɗauki mai laushin ta ci, ta gutsura ta sa wa ƴarta da ta zo da ita a baki, sannan ta juya ta fuskanci mata.

Ta ce, "Ni na ɗauko maganar nan, ni zan ajiye ta. Wannan garin sukari ne, ni na daka shi. Kunnena ne ya ji ba daidai ba. Inna, ki yafe mini."

Na ce tunda ta tsaya, ta gaya musu mene ne a cikin ɗan tsohon nonon da kowaccensu ke zubawa a sabuwar madara don ta yi barci. Ta yi murmushi ta ce wannan kam jarm ne na gaske, mai rai, sai dai mai amfani ne. Na ce to kun ji, ku da kuke sha da fura kullum kuke gudun garin sukari. Gida ya kaure da dariya, hannuwa suka yi ta shiga faranti. Kowace ta ci wannan ta ci wancan, tana jin bambancin a harshenta. Masu alawar cikinsu kuwa ba dariya suke ba, ƙyallen tankaɗen suke jujjuyawa suna duba saƙarsa. Na gan su, na san abin da na sayar ke nan.

Haka kuwa aka yi. Kafin damina ta fita, alawa mai laushi ta cika tasha da ƙofar kowace lakwal. Masu sarinmu suka dawo, amma ba duka ba, kuma ba mu sake zama mu kaɗai ba har yau. Wasu cikinku sun sha ce mini da na riƙe sirrin da yanzu muna da izin, wato masana'anta, da motoci. Wataƙila. Ni dai na ga uwata ta koma zaure da farantinta, na ga yara sun yi mata layi, kuma ban taɓa yin abin da na fi alfahari da shi ba.

Mata da yawa dakan bai yi musu laushi ba, alawarsu ta dinga fita da yashi. Sai suka gane cewa ɗan curi daga tamu ya fi musu sauƙi, suka fara aikowa a sam musu iri. Ba wadda ta ce iri. Jarm suke cewa, da bakinsu, ba kunya. Na ɗauka Inna za ta kore su, sai na ga ta sa an ajiye mata kwano na musamman kusa da ita, ita ke rabawa. Wata safiya maƙwabciyar nan da ta buge hannun ɗanta ta shigo zaure da ɗan gwangwani, ta durƙusa, ta kasa ɗaga kai. Ta yi gaisuwa ta sake yin gaisuwa, maganar ta ƙi fita. Ina daga ciki ina ji, na matso don ina da abin da na daɗe ina tanada mata. Inna ta ɗaga mini hannu, na haɗiye. Ta karɓi gwangwanin ta cika shi fam, fiye da yadda take ba kowa, ta ɗora wani guntu a sama.

"Na ciki na tukunya na," in ji ta. "Na bisa ki kai ma yaron. Ki riƙe mishi hannu da kyau, kar ta hwaɗi."